Mudun Aro a Kasuwar Gida: Auna Ingancin Ɗakunan Asibitin da Ɗaliban Jinya ke Koyon Aiki

Gabatarwa

Aikin jinya yana daga cikin sana'o'in da ba a gama koyonsu a kan benci. Ɗalibi zai iya haddace sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi, ya ci jarrabawar takarda da maki mai yawa, amma ranar da aka kawo jaririn da gudawa ta tsotse aka ce ya nemo jijiya ya sa masa ruwa, ilimin da zai fisshe shi shi ne wanda hannunsa ya koya a gefen gado. Wannan ne ya sa dokar Tarayyar Turai ta 2005 kan cancantar ma'aikata ta tanadi cewa horon ma'aikacin jinya ya kai aƙalla shekara 3 ko awa 4,600, kuma rabin wannan lokaci ko fiye a yi shi tare da marasa lafiya. A Nijeriya ma, Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 89 ta 1979, ba ta amincewa da makarantar da ba ta da asibitin da ɗalibanta za su koyi aiki.

Ke nan ɗakin da ake kwantar da marasa lafiya aji ne, kuma duk ajin da ake yaye mutanen da za a danƙa wa rayuka ya cancanci a riƙa bincikar ingancinsa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne: wajibi ne a riƙa auna ingancin waɗannan ɗakuna a ƙasar Hausa, amma ma'aunan da ake arowa daga waje ba za su faɗi gaskiyar abin da ke faruwa ba muddin ba su lura da harshen da ake magana da shi a gefen gado da kuma ɗabi'un masu amsa tambayoyin ba. A nan ne batun ya shafi masana Hausa kai tsaye.

Dalilin gaggawa

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 kan halin da aikin jinya ke ciki ya ƙiyasta cewa duniya na da giɓin ma'aikatan jinya miliyan 5.9, kuma kashi 89 cikin ɗari na giɓin yana ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi na ƙasa-ƙasa. A watan Fabrairun 2024 magatakardan Majalisar Jinya ta Nijeriya ya bayyana cewa ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. A 2024 ɗin kuma gwamnatin tarayya ta sanar da ƙara gurabun ɗaukar ɗalibai a makarantun horar da ma'aikatan lafiya daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara.

Idan aka haɗa waɗannan alƙaluma wuri guda, abin da za a gani a bayyane yake. Masu koyo suna ƙaruwa, ƙwararrun da za su tsaya a kansu suna raguwa, gadajen asibiti kuwa ba sa ninkuwa cikin dare ɗaya. Ana iya gina sabon ɗakin lacca cikin wata shida, amma ba a samar da ma'aikaciyar jinya mai gogewar shekara goma sai an jira shekara goma. Ɗakin da da yake karɓar ɗalibai biyar yana iya wayar gari da goma sha biyar, wasu daga jami'a, wasu daga kwalejin jiha, wasu daga makaranta mai zaman kanta, duk sun kewaye gado ɗaya. Idan babu mai aunawa, za a ci gaba da lissafa awannin da ɗalibi ya yi a asibiti a matsayin horo, alhali wataƙila rabinsu a tsaye ya yi su, ko a hanyar ɗakin gwaje-gwaje ɗauke da kwalbar jini.

Abin da ma'aunan da ke akwai suke aunawa

Ma'aunai biyu ne suka fi shahara a wannan fage. Na farko shi ne wanda Mikko Saarikoski da Helena Leino-Kilpi suka fitar a ƙasar Finlan a 2002, aka faɗaɗa shi a 2008 ya zama CLES+T. Yana ɗauke da jimloli 34 da ɗalibi zai nuna gwargwadon yardarsa da su a matakai biyar, kuma sun kasu gida biyar: yanayin koyo a ɗakin, salon shugabancin mai kula da ɗakin, tsarin yadda ake jinya a ɗakin, dangantakar ɗalibi da jagoransa, sai kuma rawar da malamin makaranta ke takawa. An fassara shi zuwa harsunan Turai da dama. Na biyu shi ne CLEI, wanda Dominic Chan ya tsara a Ostireliya a farkon shekarun 2000, mai jimloli 42 a rukuni shida. Wani abin sha'awa game da shi shi ne ana cika shi iri biyu: ɗalibi ya faɗi abin da ya tarar, sannan ya faɗi abin da ya so ya tarar, sai a duba tazarar da ke tsakani.

Ba a raina waɗannan ayyuka ba. Tushen da aka gina su a kai, wato cewa koyo yana faruwa ne ta hanyar cuɗanya da ƙwararre a wurin aiki, abu ne da Bahaushe ya daɗe da saninsa. Yaron maƙeri da zuga yake farawa, ya daɗe yana kallo kafin a bar shi ya riƙe masaba. Yaron wanzami yakan shekara yana ɗaukar zabira kafin a ba shi aska. Ko da Jean Lave da Etienne Wenger suka fito da ra'insu na 1991 kan yadda sabon shiga ke matsowa daga gefe zuwa tsakiyar sana'a, teloli masu koyon ɗinki a Laberiya suna daga cikin misalan da suka dogara da su. Matsalar ba a tushen take ba. Tana cikin abubuwan da aka ɗauka cewa ko'ina haka suke, saboda a inda aka ƙera ma'aunin haka suke.

Harshen gefen gado

Ma'aunin da aka tsara a Finlan ba ya tambayar ko ɗalibi ya koyi aiki da harshe ɗaya yana kuma yin sa da wani. A Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya kuwa haka lamarin yake kullum. Ana koyarwa da Ingilishi, ana rubuta bayanan jinya da Ingilishi, ana jarrabawa da Ingilishi, amma mafi yawan marasa lafiya da Hausa suke faɗin abin da ke damunsu. A Maraɗi da Damagaram haka abin yake, sai dai Faransanci ne a gurbin Ingilishi. Kowane ɗalibi tafinta ne da ba a horar da shi tafinta ba, kuma babu mai duba ingancin fassarar da yake yi sau da dama a yini.

Wannan fassara kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Matar da ta ce tana fama da “sanyi” tana iya nufin ciwon gaɓoɓi, tana iya nufin cutar da ta shafi gabanta wadda kunya ta hana ta ambata. “Basir” a bakin maras lafiya ya fi basir na littafin likita faɗi nesa ba kusa ba, don yakan haɗa da ciwon baya da kasala da taurin bayan gida. “Shawara” tana iya zama rawayar ido, tana iya zama wasu alamomin da maras lafiya ya tattara ƙarƙashin suna ɗaya. “Tashin zuciya” ba shi da alaƙa da zuciyar da ke buga jini. Matar da aka tambaya game da jinin al'ada tana iya cewa “ba na salla”, wadda ke zaton tana da ciki kuma ta ce ta yi “ɓatan wata”. Ɗalibin da bai san waɗannan ba zai rubuta abin da ba a faɗa ba. Wanda ya san su ma, idan babu wanda ya koya masa yadda zai bi diddigi da tambaya cikin ladabi, zai iya tsayawa a ma'anar farko da ta zo masa.

Akwai kuma bambancin karin harshe. Abin da wani ya kira zazzaɓi wani masassara zai ce, ƙyanda a wani wuri baƙon dauro ce, gudawa kuma zawo. Sannan ba duk ɗaliban da ake turawa asibitocin Arewa ne Hausa ta zauna a bakinsu ba, kamar yadda ba duk marasa lafiya ne suka fi sakewa da Hausa ba, domin akwai masu Fulatanci da Barbarci da sauran harsuna.

Haka abin yake idan bayanin zai koma daga ɗalibi zuwa maras lafiya. Maganin da aka rubuta a sha duk bayan awa takwas, idan aka ce wa tsohuwa “sau uku a rana”, tana iya shanye shi tsakanin karin kumallo da la'asar. Gogaggiyar ma'aikaciya takan ce mata ta sha da asuba, ta sha da azahar, ta sha lokacin kwanciya barci. Wannan ilimi ne na gaske, kuma ɗakin da ake koyar da shi ya fi wanda ba a koyarwa inganci. Haka nan yadda ake neman izinin matar da ta ce sai maigida ya zo, da yadda ake sanar da dangi cewa rai ya yi halinsa. Duk cikin jimlolin ma'aunan nan biyu babu rukunin da aka keɓe domin irin wannan ƙwarewa, don haka ɗakin da ya yi fice a kanta ba zai sami ko maki ɗaya na ƙari ba.

“Da sauƙi” da “ba laifi”

Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya ya san amsar “yaya jiki?”. Ko maras lafiya yana gargara, “da sauƙi” zai ce, domin amsar ladabi ce da tawakkali, ba rahoton halin da jiki ke ciki ba. Ma'aikatan jinya sun san haka, shi ya sa ba sa tsayawa a kanta. Abin mamaki shi ne sai a manta da wannan darasi idan aka zo tambayar ɗalibi game da jagoransa.

Anthony Kirk-Greene, a laccarsa da aka buga a 1974 kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya lissafa kunya da ladabi da haƙuri cikin siffofi goma da ake auna kirki da su. Ɗalibar da aka tarbiyyantar a kan waɗannan, aka miƙa mata takarda aka ce ta nuna ko jagorarta ta kula da ita, da wuya ta zaɓi matakin da ke nuna rashin yarda ƙwarai, musamman idan jagorar sa'ar mahaifiyarta ce. Za ta nemi gurbin da ya fi kusa da “ba laifi”. Shi kuwa “ba laifi” yana iya zama yabo, yana iya zama suka a rufe, kuma murya da yanayin fuska ne ke bambance su, abubuwan da takarda ba ta ɗauka. Ga kuma tsoro na zahiri: wadda ake tambaya game da ita ita ce mai sa hannu a littafin shaidar aikin ɗaliba, kuma a ɗakin da ɗalibai huɗu ne kacal, cire suna daga takarda ba ya ɓoye kowa.

Har ila yau, wasu jimlolin suna ɗauke da al'adar inda aka haife su. CLES+T yana tambaya, alal misali, ko an gina jagoranci a kan daidaito tsakanin ɗalibi da jagora. A Arewacin Turai daidaito alama ce ta kyakkyawar hulɗa. A ɗakin haihuwa na ƙasar Hausa, ɗalibar da ta fi kowa dacewa da jagora ba za ta ce sun yi zaman daidai wa daida ba, cewa za ta yi “ta riƙe ni kamar 'yarta”. Jagora mai faɗa, wadda ba ta barin kuskure ya wuce amma tana tsayawa har sai hannun ɗaliba ya faɗa, tana iya samun maki ƙasa da mai fara'ar da ba ta koyar da komai. Ma'aunin da ba zai iya bambance faɗan tarbiyya da wulaƙanci ba ya rasa abin da ya fi muhimmanci, domin wulaƙanta ɗalibi a gaban marasa lafiya yana faruwa, kuma shi ne ke sa ɗalibi ya daina tambaya, ya koma ɓoye kuskurensa.

Masu jinya da kayan aiki

A yawancin asibitocin Nijeriya, ɗan'uwan maras lafiya, wato mai jinya, shi ke yin wanka da ciyarwa da juya maras lafiya da sayo magani. Wannan yana da fuska biyu ga ɗalibi. Ta fuska ɗaya, yana iya kammala zamansa a ɗaki bai taɓa yi wa wanda ba ya iya tashi wanka ba. Ta ɗaya fuskar kuma, an buɗe masa wani fage na koyo: yadda zai nuna wa mai jinya ta riƙa juya tsoho don kada bayansa ya yi gyambo, ko ta haɗa ruwan gishiri da sukari daidai ƙa'ida. Ma'aunin da ya ɗauka cewa ma'aikaci ne kaɗai ke taɓa maras lafiya ba zai ga ko ɗaya daga cikin fuskokin ba.

Haka nan ma'aunan sun ɗauka cewa akwai safar hannu da ruwan famfo da wutar lantarki. Inda babu su, ɗalibi yana koyon dabarar maneji, wani lokaci kuma yana koyon abin da aka hana shi a aji, har ya zame masa jiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma duk inda aka tanƙwara shi nan zai bushe. Ga batun lafiyar ɗalibin kansa: sukar allura, rigakafin ciwon hanta, da kariya daga cututtuka irin su zazzaɓin Lasa, wanda ya sha hallaka ma'aikatan lafiya a Nijeriya. Ɗakin da ɗalibi ba shi da kariya a cikinsa bai cancanci a kira shi ingantaccen wurin koyo ba, ko da an yi masa fara'a.

Abin da mai ja zai iya cewa

Wani zai ce ɗaliban jinya sun iya Ingilishi, don haka babu buƙatar taɓa ma'aunin. Amsa ita ce ba fassara kaɗai ake magana ba. Ko da an bar takardar da Ingilishi, ɗabi'ar mai amsawa ba ta sauya ba, tambayoyin da babu su kuma har yanzu babu su. Wani kuma zai ce idan aka sauya ma'auni ba za a iya kwatanta sakamakon Kano da na Helsinki ba. Wannan magana tana da nauyi, kuma mafita ita ce a bar ainihin jimlolin yadda suke, a ƙara musu rukunin gida da za a lissafa daban. Sai dai a tuna cewa manufar farko ita ce a gyara ɗakin, kwatance yana biyo baya ne.

Hujja ta uku ta fi sauran ƙarfi: ma'aikatan da aiki ya riga ya yi wa yawa, wadda ke kula da gadaje masu yawa ita kaɗai cikin dare, ba adalci ba ne a zo ana ba su maki a kan koyarwar da ba a horar da su a kai ba, ba a kuma rage musu aiki dominta ba. Gaskiya ne. Shi ya sa ya kamata sakamakon ya zama na ɗaki da makaranta da hukumar asibiti, kada ya zama bulalar dukan mutum ɗaya. Idan awo ya nuna ɗalibai ba sa samun mai tsaya musu, tambayar farko ita ce mutum nawa ke bakin aiki, kuma ɗalibai nawa aka turo.

Hanyar gyara

Da farko, a rage dogaro da tambayoyin da ke neman ɗalibi ya yanke wa na gaba da shi hukunci, a ƙara waɗanda ke neman ya faɗi abin da ya faru. Ɗalibar da ba za ta iya cewa jagorarta ta gaza ba za ta iya faɗin sau nawa a makon jiya wani ƙwararre ya tsaya a kanta tana wanke ciwo, da awa nawa ta yi a aike, da ɗalibai nawa ke ɗakin a lokaci guda. Ƙidaya ba ta karya alkunya.

Na biyu, wanda ba shi da hannu a makin ɗalibi shi ya kamata ya karɓi amsoshin, bayan an gama sa hannu a littafin shaidar aiki, kuma a tara na rukuni da dama kafin a bayyana sakamako.

Na uku, a sa harshe cikin abin da ake aunawa: shin akwai wanda ya taɓa sauraron ɗalibi yana ɗaukar bayanin ciwo da Hausa ya gyara masa? Shin an tanadar wa wanda ba ya jin harshen maras lafiya wata hanya, ko kuwa an bar shi da duk wanda ya gani a kusa?

Na huɗu, a ji ta bakin marasa lafiya da masu jinya, da baki kuma da harshensu, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Maimakon a tambayi mai jinya ko ta gamsu, a ce ta maimaita yadda aka ce a ba da maganin. Amsarta za ta nuna ko bayanin ɗalibi ya isa inda aka aike shi.

Na biyar, sakamakon ya yi tasiri a kan adadin ɗaliban da ake turawa kowane ɗaki da kuma horon da ake ba jagorori. Awon da ke ƙarewa a kundin digiri ko a durowar shugaban sashe ɓata takarda ne.

Rabon masana Hausa

Nazarin Hausa ba baƙo ba ne a fagen lafiya. Akwai aikin Murray Last na 1981 da ya gina kan zamansa a yankin Malumfashi, da littafin Lewis Wall na 1988 kan magani da lafiya a wurin Hausawa, da ayyukan Aliyu Muhammad Bunza kan magungunan Hausa, da kuma jerin kalmomin ƙanjamau da Ebola da aka fitar a 2017 ƙarƙashin jagorancin Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan. Abin da ake buƙata yanzu shi ne a shiga ɗakin asibitin kansa. Jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo duk suna koyar da Hausa, suna koyar da aikin jinya, suna kuma da asibitocin koyarwa, don haka masu aikin suna inuwa ɗaya.

Masanin walwalar harshe zai iya tattara maganganun gefen gado, bisa izinin masu su da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, ya fito da yadda ake sakaya ciwo. Masanin karin harshe zai iya tsara jerin sunayen cututtuka da alamominsu daga Kananci zuwa Sakkwatanci da Katsinanci da Damagaranci. Masanin fassara zai iya gwada kowace jimlar ma'auni a kan ɗalibai, ya tambaye su abin da suka fahimta da ita kafin a yarda da makinta. Daga waɗannan za a iya gina kwas na Hausa domin ma'aikatan lafiya, wanda zai amfani ɗan asalin harshen da wanda ya koye shi.

Kammalawa

Ɗaliban da ke cika ɗakunan asibiti a yau su ne za su riƙe su nan da shekara goma, kuma abin da suka gani ana yi shi za su koya wa na bayansu. Ƙara yawansu ba tare da bincikar inda suke koyo ba zai samar da takardun shaida masu yawa, amma ba zai tabbatar da cewa matar da ta ce tana fama da “sanyi” ta sami wanda ya gane nufinta ba. Ma'aunan waje sun ba da wurin farawa, kuma ya dace a yi amfani da su. Sauran aikin, wato a sa su ji Hausa su kuma san halin masu amsa su, yana jiran sassan koyar da jinya da sassan Hausa su zauna a teburi ɗaya.